Tambayoyin Masu Karatu: Tsohuwar Makarantar da Ta Koma Gidan Tarihi

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku ne suka iso wannan fili a cikin watan nan daga unguwanni daban-daban na Legas, kuma ko da yake marubutansu ba su san juna ba, bakinsu ya zo ɗaya a kan abin da ya dame su, wato yadda yaran da aka haifa a nan Ikko za su san tarihin iyayensu da na garin da suka tashi a cikinsa. Abin da ya sa na haɗa su wuri guda shi ne dukkansu sun taɓo tsohon ginin makaranta. Na taƙaita wasiƙun kamar yadda aka saba, na kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya ta farko, daga wata malamar firamare a Agege:

"Malam, 'ya'yana huɗu duk a nan Legas aka haife su, babban cikinsu shekararsa 13. Idan Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara za mu je ganin gida a Katsina. Na ji an ce akwai gidan tarihi a cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, ina so in kai su, amma maigidana ya ce tsohon ginin ƙasa ne kawai, wai yaran da suka saba ganin dogayen benaye da gadoji a kan ruwa babu abin da zai burge su a ciki. Shin ziyarar ta cancanci a ware mata yini guda? In ta cancanta, me zan nuna musu?"

Malama, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa rabin maganarsa gaskiya ce. Ginin ƙasa ne, bai kama ƙafar benayen Marina a tsawo ba, kuma yaron da aka shigar da shi ba tare da an ba shi labarin wurin ba zai zagaya cikin ɗan lokaci ya fito yana tambayar yaushe za a tafi gida. Inda na saɓa masa shi ne wannan kalma ta "kawai". A gidan tarihin da yake cikin tsohuwar makaranta, ginin kansa shi ne babban abin kallo, kayan da aka jera a ɗakunansa suna biye da shi ne, domin bangon da kike taɓawa shi ne wanda ɗaliban suka jingina da shi, ƙofar da kike shiga ita ce suka shiga da littattafansu a hammata.

Ga tarihin a taƙaice, don ki riƙe shi kafin ku tashi. An kafa kwalejin a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Manufar Turawa ita ce su horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa, shi ya sa aka riƙa tsamo yara daga Sakkwato da Barno da Bauchi da Bida da sauran wurare ana kawo su Katsina. Ahmadu Bello ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, haka nan Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida duk ɗalibanta ne. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, a 1971 kuma ta karɓi sunan Kwalejin Barewa da aka san ta da shi a yau. Ginin da ta baro a Katsina aka ayyana shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1959, yanzu kuma yana hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Sai dai jerin shekaru ba ya zama a kan yaro idan bai ga inda zai rataye su ba, ke da kike koyarwa kin fi ni sanin haka. Shawarata ita ce ki fara darasin tun a Agege. Ki ɗauko takardar naira 200 da ta naira 5 ki shimfiɗa a gabansu, ki tambaye su su wane ne a jiki. Ki tuna musu da Dandalin Tafawa Ɓalewa da ke cikin Ikko, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya a daren shiga 1 ga Oktoba 1960, lokacin filin yana filin sukuwa, ki kuma tuna musu da titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island. Waɗannan sunaye ne da yaran Legas suke ji a bakin kwandastan danfo kullum ba tare da sun taɓa kawowa a ransu cewa masu su sun taɓa zama yara ba. Ki saka takardun kuɗin nan biyu a cikin jakarki, ranar da kuka shiga ginin ki fito da su, ki ce wa babban yaronki: mutanen nan biyu a nan suka zauna suna samari, nesa da iyayensu, suna koyon Turanci da lissafi, kuma ba su da masaniyar abin da Allah zai yi da su. A nan ne za ki ga yaro ya yi tsit.

Na ga haka da idona. Ranar da na fara shiga wurin ina tare da wani dattijo, tsohon malamin makaranta wanda ya yi ritaya tun ban gama firamare ba, shi ma malaminsa ɗalibin kwalejin ne. Bai kula da kayan da aka jera ba da farko. Ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan bango, ya daɗe a tsaye, sannan ya kira jikansa ya ce ya ɗora nasa a gefen nasa. Ya tambaye shi me ya ji, yaron ya ce sanyi. Da wannan kalma ɗaya dattijon ya buɗe masa bayanin da ya ɗauke su kusan sa'a guda: yadda magina suke murza tubali da hannu su shanya shi a rana, dalilin da ya sa ake yin bango da kauri har zafin azahar ba ya ratsa shi, yadda ake tsaga giginya a fitar da azara wadda gara ba ta iya ci da sauƙi, da yadda ake shafe gini da makuba don ruwan sama ya zame. Yaron nan a gidan bulo da kwano ya tashi, bai taɓa sanin cewa kakanninsa sun iya sanyaya ɗaki ba tare da lantarki ba.

Don haka ku karanta ginin kamar yadda ake karanta allo, daga sama zuwa ƙasa. Ku ɗaga kai ku dubi rufi, ku nemi azara da yadda aka ɗaura ta. Ki sa yaran su auna kaurin bango da kamu a bakin ƙofa ko taga, su rubuta abin da suka samu. Su tsaya a tsakiyar ɗaki su yi magana a hankali, su ji yadda murya take yawo, sannan ki tambaye su ko malami yana bukatar ɗaga murya a irin wannan aji. Su duba ta ina haske yake shigowa, su yi tunanin yadda ake karatun dare da fitilar ƙwai. Bayan haka ne za ku koma kan kayan da ke ciki, kuma a nan ma kada ki yarda a bi da su a guje daga wannan ɗaki zuwa wancan. Gara kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya da ya ja hankalinsa, ko tukunya ce ko takobi ko tsohon hoto, ya zana shi a littafinsa, ya yi wa mai zagayawa da ku tambaya uku a kansa. Ma'aikatan irin waɗannan wurare sun san abubuwa da yawa waɗanda ba a rubuta a jikin allunan bayani ba, kuma akasari suna jin daɗi idan suka samu wanda ya tambaya.

Akwai abu biyu da nake roƙonki kada ki bari su wuce. Na farko, kada yaran su fito da zaton cewa ilimi ya shigo Katsina ne a 1921. Abin da ya shigo a lokacin boko ne. Daga gidan tarihin ku wuce Hasumiyar Gobarau a yinin, ki gaya musu cewa Shehu Magili ya zo Kano da Katsina tun ƙarshen ƙarni na 15, cewa Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani sun yi zamaninsu a ƙarni na 17, kuma akwai Bakatsine masanin lissafi, Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Idan suka ga gine-ginen biyu a rana ɗaya, za su gane da kansu cewa Turawa sun kafa kwalejinsu ne a garin da ya riga ya yi suna da malamai. Na biyu, idan akwai mata a cikin 'ya'yanki, za su lura cewa duk sunayen da na lissafa na maza ne, kuma ya kamata su lura. Ki gaya musu gaskiya cewa kwalejin ta maza ce zalla, boko ya yi jinkirin isa ga 'ya'ya mata a Arewa, sannan ki ba su labarin Nana Asma'u 'yar Shehu da tsarin 'Yantaru da ta kafa don karantar da mata a ƙauyuka, tun kafin Bature ya kafa aji ɗaya a ƙasar Hausa.

Ta fuskar shiri kuwa, ki sa wani daga cikin dangi ya leƙa ya tambayo ranakun buɗewa da kuɗin shiga kafin ku isa, ku je da hantsi, ki nemi izini kafin ɗaukar hoto. Lokacin hunturu za ku je, yaran Legas kuma ba su saba da shi ba, a tanadar musu riguna masu kauri da man shafawa. Idan ta Kano za ku bi, ku tsaya a Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, gidan Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa a 1909. Shi ma gidan tarihi ne yanzu, kuma ganinsa kafin na Katsina zai sa labarin ya zo musu a jere.

Tambaya ta biyu, daga wani Alhaji mai sana'ar dabbobi a Alaba Rago:

"Malam, ni ba ni da halin kwasar iyali zuwa Arewa a bana, kasuwa ta yi nauyi. Ɗana da ke sakandare ya dame ni cewa malaminsu ya ce su je Badagry su ga gidan bene na farko da inda aka fara makaranta. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba, domin na ji gidan 'yan mishan ne, sannan an ce gidajen tarihi cike suke da gumaka. Me Bahaushe Musulmi zai je yi a can?"

Alhaji, Allah ya buɗa kasuwa, ya sa albarka a cikin zuri'a. Damuwarka ta uba ce mai kula, ba kuma zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Hukuncin shari'a a kan kallon sassaƙe na malamai ne, ka tambayi limaminku ka ji ta bakinsa. Abin da zan iya cewa shi ne a gidan tarihi babu wanda yake bauta wa komai, an ajiye kayan ne don a san yadda mutanen da suka gabata suka rayu, kuma Alƙur'ani mai girma ya umurce mu a wurare da dama da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Abin da na fi so shi ne kada ka hana yaron, kada kuma ka sake shi shi kaɗai. Ka ware rana ka tafi da shi, tunda daga Alaba Rago kana kan babbar hanyar Badagry ɗin ne ma, ka riga ka ci wani ɓangare na tafiyar.

Gaskiya ne gidan na 'yan mishan ne. An kammala shi a 1845, shi ake kira gidan bene na farko a Nijeriya, ko da yake Bakano ko Bazazzagi zai iya tuna maka cewa akwai soraye masu hawa a biranen Hausa tun kafin nan, abin da ake nufi shi ne bene irin na Turawa. A garin ne kuma 'yan mishan suka fara buɗe ajin boko a 1843, kafin a kafa sakandare ta farko a Legas a 1859. Ka sa ɗanka ya yi wannan lissafi a tsaye a wurin: daga 1843 a Badagry zuwa 1909 a Kano shekara nawa ne? Zai samu 66. Duk surutun da ake yi cewa Arewa ta yi baya a boko, wanda na tabbata yaronka yana shan gori a kansa a makaranta, amsarsa tana cikin wannan tazara, kuma gara ya san dalilin da ya tsaya yana jin kunyar abin da bai fahimta ba. Ka ƙara masa da cewa tsoron da kakanninmu suka ji na kai 'ya'yansu makarantar mishan, Musulmin Legas ma sun ji shi, har sai da gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe musu makarantar Musulmi ta musamman a 1896 sannan da yawansu suka saki jiki.

Ka tambaya me Bahaushe zai je yi a can, ni kuma ina ganin sawun Bahaushe ya fi yawa a Badagry fiye da yadda muke zato. Daga wannan gari ne Baturen nan Hugh Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can kusa da Sakkwato kuma ya mutu a 1827, wato hanya tsakanin bakin teku da ƙasar Hausa a buɗe take tun kafin jirgin ƙasa. Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin ji. A gidan tarihin garin, wanda yake cikin tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863, da kuma ƙananan wuraren ajiya na iyalai, za ku ga sarƙoƙi da mari na cinikin bayi, idan kuka haye ruwa zuwa tsibirin Gberefu kuma za a nuna muku hanyar da ake bi da bayi zuwa bakin teku. Cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar tekun nan akwai Hausawa da aka kama a yaƙe-yaƙe aka yi ta sayarwa hannu zuwa hannu har Kudu, kuma a Bahia ta ƙasar Barazil an rubuta yunƙurin tawayen da bayi Hausawa suka shirya a 1807. Na taɓa ɗaga ɗaya daga cikin sarƙoƙin nan da hannu biyu da izinin mai gadin wurin, nauyinta ya sa na kasa magana har muka fito. Yaron da ya taɓa wannan ƙarfe ba zai sake karanta babin cinikin bayi kamar labarin wasu mutane can daban ba.

In Badagry ta yi muku nisa a wani karon, Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan yana nan tun 1957. A ciki akwai baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, da hudojin harsashi a jikinta har yau, akwai kuma kayan Nok, wato tsofaffin siffofi na gasasshen yumɓu, da aka tono a ƙasar da yanzu take cikin Jihar Kaduna. Daga nan Obalende ba nisa, unguwar da tarihinta yake haɗe da dakarun Hausawa da Kyaftin Glover ya fara tarawa a 1863, waɗanda ake lissafa su a matsayin tushen sojan Nijeriya da 'yan sandanta. A Ebute Metta kuma akwai Jaekel House a cikin harabar ma'aikatar jirgin ƙasa, inda aka ajiye hotuna da kayan aikin reluwe, hanyar da ta kawo kakannin yawancinmu garin nan da shanu da gyaɗa, ta koma da goro.

Tambaya ta uku, daga sakataren wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a Agege:

"Malam, makarantar da iyayenmu suka gina da karo-karo ta samu sabon gini, yanzu ana shawarar rushe tsohon ɓangaren mai aji uku a yi shaguna. Wasu daga cikinmu suna so a bar ko aji ɗaya ne a mayar da shi ɗakin tarihin Hausawan unguwar. Ana yi mana dariya, ana cewa ba mu da abin sakawa a ciki sai tsofaffin bencina. Ta ina za mu fara?"

Malam Sakatare, wannan wasiƙa ta taɓa ni, domin firamaren da na yi an rushe tsohon ginin nata ina nan Legas ban sani ba, da na je neman rajistar shekarar da aka ɗauke mu, sai aka nuna mini wani buhu a bayan ofis wanda gara ta riga ta mayar da abin da ke ciki ƙasa. Sunan mahaifina da hannun hedimasta ya rubuta a gaban nawa yana cikin buhun nan. Saboda haka ina tare da ku, kuma masu cewa ba ku da abin sakawa ba su duba da kyau ba.

Ku fara da bencin da ake yi muku dariya da shi. Bencin da ɗalibai suka sassaƙa sunayensu a jiki da reza shekaru arba'in da suka wuce kayan tarihi ne, haka baƙin allon bango, da ƙararrawa ko tsohon ƙarfen mota da ake bugawa a madadinta, da rajistar shiga, da littafin da hedimasta yake rubuta abin da ya faru kullum. Ku bar aji ɗaya yadda yake, kada ku yi masa tayil ko fenti mai ƙyalli da sunan gyara, ku dai toshe yoyon rufi ku gyara tagogi. Sannan ku shiga gidaje. Agege ta zama zangon Hausawa ne saboda goro da tashar jirgin ƙasa, bayan layin dogo ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901 ya kuma haɗe da Kano a 1912, don haka a ƙarƙashin gadajen tsofaffinku akwai tikitin jirgi, da littattafan bashi na dillalan goro da aka rubuta da ajami, da wasiƙun da aka aiko daga gida, da alluna da tawada da gafaka na makarantar allo, da hotunan naɗin sarauta da na tafiya Makka. Ku nemi wanda ya iya ɗaurin huhun goro ya ɗaura muku ɗaya a ajiye, domin yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin yadda ake jera ganye a ciki ba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne muryoyin dattawa, domin benci zai jira ku, su kuwa ba su da tabbacin jira. Ku raba matasa biyu-biyu, kowane rukuni da waya mai ɗaukar magana, su zauna da tsoho ko tsohuwa su tambaye su shekarar da suka zo, a wace mota ko jirgi, wa ya sauke su, wace sana'a suka fara, da yadda aka tara kuɗin ginin makarantar. Kada a manta da mata, su ne suka san tarihin gidaje da auratayya tsakaninmu da Yarbawa. Kowace hira a rubuta ranarta da sunan mai magana, a kuma ajiye ta a wuri fiye da ɗaya.

Kafin ku ɗauko ko da cokali daga gidan wani, ku je wa masu makarantar da maganar a rubuce. In ta gwamnati ce, izini yana wurin hukumar ilimi, in ta al'umma ce, ku kai gaisuwa fadar Sarkin Hausawa ku nemi albarkarsa da ta limamai, domin mutane ba za su saki kayan iyayensu ba sai sun ga manya a gaba. Masu son shaguna ma kada ku mayar da su abokan gaba, makaranta tana bukatar kuɗin shiga, kuma aji biyu cikin uku sun ishe su. Ku buɗe babban littafi guda, duk abin da aka kawo a ba shi lamba, a rubuta wanda ya kawo, da na wane ne asali, da ko kyauta ce ko aro, mai kayan ya sa hannu. Rashin wannan littafi ne yake haddasa rigima bayan shekaru, idan magada suka zo neman kayan kakansu.

Babban abokin gabarku a Legas shi ne laima. Takarda a nan tana yin fumfuna cikin damina ɗaya, saɓanin Arewa inda bushewar iska take taimakon ta. Kada ku ajiye komai a ƙasa ko a jingine da bango, ku ɗora a kan kanta mai tsawo saboda ambaliya, ku bar iska tana ratsa ɗakin. Kada ku liƙe tsohuwar takarda da salatif, kada kuma ku kai ta a narka mata leda a jiki, domin idan aka yi haka ba a iya cirewa kuma rubutun yana lalacewa a ciki. Ku ɗauki hoton kowane shafi, ku rataye kwafi a bango, asalin kuma a sa shi tsakanin fararen takardu a cikin akwati, a riƙa buɗewa ana dubawa duk wata. Idan kun tattara abin da ya kai a nuna, wakilai biyu su je Onikan su nemi ganin ma'aikatan sashen adana kaya, su tafi da hotunan abin da kuka samu da babban littafin nan a hannu, su roƙi a turo wanda zai zo ya duba ɗakin kafin damina ta faɗi.